Iskar da Ke Komawa Baya

Duk mai babur da ya taɓa yin faci a Bukkuyum ya san rumfar Malam Nuhu da tsohon injinsa na ba da iska. Matarsa Sahura takan ce shekara guda aka kawo su gidan ita da injin, sai dai shi ya fi ta shan mai.

A wata damina injin ya ɓullo da sabon hali. Kullum yamma Malam Nuhu zai cika tankin da iska ya tura shi cikin zaure, da safe ya tarar wayam. Masu sammakon zuwa Zugu da Gwashi kuwa ba su da haƙurin jiran a tada inji, sai su yi gaba. Ya canza ringi, ya canza bel, ya shafe jikin tankin da ruwan sabulu yana neman kumfa, bai ga ko ɗaya ba. Ƙarshe ya ce injin ya gama kwanansa, zai sayar wa Nababa mai sayen tsohon ƙarfe a Gummi, shi kuma ya koma gona.

Hankalin Sahura ya tashi, don ta san mijinta. In ka raba shi da rumfar nan, to ka gama da shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita tana jin inda iskar ke fita. Da an shigo da injin zaure wani siririn tsaki yake farawa, tana jin sa har daga madafa. Kowa a gidan yana ji, ban da mai injin.

Shekarun tsayuwa kusa da ƙarar inji sun cinye masa kunne, bai kuma taɓa yarda ba. Yaya zai yarda, mutumin da ya yi suna wajen kara taya a kunne ya nuna huda ba tare da ya tsoma ta a ruwa ba? Ita ce ta yi ta rufa masa asiri. Ta koyi ɗaga murya har ya riƙa tsokanarta da cewa tsufa ya mai da ita mai shela, in an yi sallama kuma ta amsa da ƙarfi don ya ankara.

Ran nan bayan la'asar ta tsinko ɗan sili daga audugar da take kaɗi, ta same shi a zaure yana goge injin kamar mai sallama da aboki. Ta ce ta zo ta ga injin ne kafin a tafi da shi. Sai ta riƙa bin bututun da ya haɗa tanki da kan inji da audugar nan a hankali. Da ta kai wajen kan injin, audugar ta kama rawa.

Malam Nuhu ya ƙura wa audugar ido. Ya ɗauko sifana ya kwance bututun daga jikin tanki, iska ta huro masa tafin hannu. Ashe bawul ne, ɗan ƙarfen da ke barin iska ta shiga tanki ya hana ta komowa. Robar cikinsa ta tsage, iskar tana sulalewa ta hanyar da ta shigo, inda ruwan sabulu bai kai ba.

Samun wani ya zama aiki. A Gummi babu. Isa direba ya kawo ɗaya daga Gusau, zaren ɗaurinsa bai yi daidai da na tankin ba, ya ƙi hawa. Malam Nuhu ya yanka robar taya ya sa, zafi ya narkar da ita kafin azahar. Daga nan ya ciro ƙwallon ƙarfe daga tsohon boris na ƙafar babur, ya zauna yana murza shi a bakin bawul ɗin da toka da ɗan mai, har ya zauna daram. Ya mayar da sifirin bawul ɗin, 'yar murɗaɗɗiyar wayar da za ta danne ƙwallon, a bayansa ya ɗaure. Nababa ya zo, ya sha fura, ya koma hannu rabbana.

Da yamma ya cika tankin, ya kashe inji, ya tura shi zaure. Sahura ta miƙo masa auduga, bai karɓa ba.

"Aje ta. Zo ki saurara mani, ni ba ni ji."

Ta durƙusa ta kara kunne. Shiru. Ta ɗago ta girgiza masa kai tana murmushi.

"Tun yaushe kinka sani?" ya tambaye ta.

"Tun bikin Zubaida, Malam."

Zubaida 'yarsu ce, yanzu har ta yaye na biyu. Ya sunkuyar da kai yana murza baƙin man da ke yatsunsa. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya ciko.

"To daga yau in za ki yi mani magana, ki tsaya inda nika ganin bakinki," ya ce. "Na daɗe ban ji hirarki ba, Sahura."

Ta jawo tabarma ta zauna daidai gabansa.