Faɗuwar Inna Bara'atu

Saudat na kici-kicin jawo jakarta daga ƙarƙashin kujerar motar Gusau sai wani mai keke napep ya riga ta kama hannun jakar.

"Hajiya Saudat ta talabijin! Wallahi ke ce. Ku taho, ni zan kai ku."

Ta yi masa murmushin da ta saba yi wa masu gane ta a hanya, ta shiga. Gwadabe, mai ɗaukar hoton da suke fita aiki tare, ya zauna a gefe ya ɗora kyamara a cinya. Ba su gama fita daga tashar Kaura Namoda ba, mai keken ya miƙo mata wayarsa ta baya.

"Kin ga aikinki? Har kiɗa aka sa mashi."

Ta karɓa. Hoton bidiyo ne na filin makarantar firamare, inda aka sauke mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zurmi. Mata na turereniya a bakin motar rabon abinci. Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe ta kife, kallabinta ya yi gefe, furfura ta bayyana, zanenta ya zame har gwiwa. Ba ta tsaya gyarawa ba, ta rarrafa tana kwasar geron da ya zube a ƙasa da hannu biyu. Wani ya yanke wurin faɗuwar, ya maimaita shi, ya ɗora ganga da sautin dariya a kai.

"Tsohuwar nan ta iya nutso," in ji mai keken yana ƙyaƙyatawa.

Saudat ta mayar masa da wayar. Gwadabe ya juya kai yana kallon buhunan dawa da aka jibge a bakin kasuwa. Su biyun sun san abin da mai keken bai sani ba. Ranar da tsohuwar ta faɗi, Gwadabe ya sauke kyamara daga kafaɗa. Saudat ce ta dafa shi ta ce, "Ci gaba da ɗauka."

Rahoton ya karɓu. Malam Wakili, shugaban sashen labarai, ya yaba mata a gaban kowa, ya ce tun da aka buɗe tashar ba a taɓa kiran waya irin na ranar ba. Wasu masu hali ma sun aika da mota guda ta abinci. Da wannan ta riƙa lallashin kanta. Yau da safe ya kira ta ofis ya ce ta koma ta nemo tsohuwar. "Jama'a na son su san ko wace ce. Ki sa ta yi magana. In ta yi kuka ya fi."

A zuwansu na farko, mata har rige-rigen zuwa gaban abin magana suke yi. Yau da suka shiga filin makarantar, waɗanda ke tsugune a bakin murhu suka ja hijabi suka rufe fuska. Wata ta ɗauke tukunyarta da zafinta ta shige aji. Saudat ta yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa, kamar ana amsa wa mai karɓar haraji.

Da ƙyar aka nuna mata ajin ƙarshe. A bakin ƙofa ta tarar da wata mata mai goyo tana tankaɗe. Matar ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kun dawo ku ƙarasa?"

"Baiwar Allah, tsohuwar da..."

"Sunanta Bara'atu. Ni ce ɗiyarta, Rahina. Ko sunan ba ki tambaya ba ranar." Ta ajiye rariyar. "Kin san wadda kika nuna wa duniya tana rarrafe? A garinmu, Gidan Nuhu, babu matar da za ta haihu ba a aiko mata ba. Ita ke wanke gawar mata. Rumbunta uku aka ƙone cike da gero. Yayana Sirajo yana kasuwar dabbobi ta Shinkafi, abokan aikinshi suka kira shi ya zo ya ga abin dariya a waya. Ya leƙa ya ga uwarshi. Har yau bakinshi a kumbure yake, don dambe suka yi, sai da aka raba su. Ita kuma tun ranar ba ta ƙara taka filin nan ba."

Daga cikin ajin wata murya ta ce, "Rahina, bar ta ta shigo. Shi namijin ya tsaya waje."

An tattara kujerun ɗalibai a kusurwa, an raba ɗakin da zannuwa da buhuna. A ƙarƙashin allo, inda har yanzu akwai ragowar darasin lissafi, tsohuwar na zaune kan tabarma tana jan carbi. Ta fi ƙanƙanta a kan yadda take a hoto. Saudat ta cire takalmi ta durƙusa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau, ɗiyata. Matso in gan ki. Idona ya yi rauni." Ta ƙura mata ido. "Kin fi kyau a akwatin talabijin."

Saudat ta sunkuyar da kai.

"Kin san wata Saliha? Mai shirin mata, dauri, tun muna cikin jihar Sakkwato?"

Wa Saudat ta sani in ba Saliha ba? A kanta ta yi binciken kammala karatunta a kwalejin kimiyya ta garin nan. Hotonta na rataye a zauren tasharsu, cikin na matan da suka fara fitowa a talabijin lokacin da ake kiran hakan zubar da mutunci. Bara ma, a wani taron mata 'yan jarida, Saudat ta tsaya ta ce su ne magadan Saliha, aka yi ta tafi.

"Na san ta, Inna. Allah ya jiƙanta."

"Amin. A garinmu akwati ɗaya ne, gidan mai gari, da batirin mota ake kunna shi. Ranar shirinta mukan gama aiki da wuri, mu lallaɓa mu zauna can baya. Maza na cewa wace irin mace ce za ta zauna duniya na kallon fuskarta, ba ta da mafaɗi? Mu kuwa ba mu cewa komai, mu dai mu kasa kunne. In tana magana sai in ga kamar da ni take. Ita ta koya mana ruwan gishiri da sukari. Shekarar da zawo ya kwashe yara, Sirajo ya zama kamar tsumma a hannuna, idanu sun faɗa. Kakarshi ta ce a hana shi ruwa. Na ɓoye a bayan rumbu ina ba shi da cokali, yadda Saliha ta nuna. Ga shi nan yau da ɗiyanshi."

Ta ja carbi kaɗan.

"Saliha ta taɓa zuwa asibitin Zurmi, na gan ta da idona. Za a ɗauki hoton wata mai shayarwa, rigarta duk ta yage. Saliha ta ɗaga wa mai hoton hannu, ta cire mayafinta ta lulluɓa mata, sannan ta ce bismilla. Tun daga nan, in na ga mace a akwati sai in ce tamu ce. Ke ma ina kallonki a wayar Sirajo. Ranar da kuka zo, mata suka fara gudu. Ni na tsayar da su. Na ce kar ku ɓoye, ba ku ga mace ce a gaba ba?"

Saudat ta ji bakinta na cewa, "Inna, mun yi ne don a san halin da kuke ciki, a kawo muku..."

"An kawo. Jikokina sun ci, ba zan ce ba su ci ba."

"Abin ya zo da sauri ne. Mai hoton..."

"A'a, ɗiyata." Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Kar ki ɗora mashi. Ina ƙasa, amma kunnena bai toshe ba. Na ji abin da kika ce."

Wani jariri na kuka a bayan labule. Saudat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta taɓa tsayawa a gaban gwamna ta yi masa tambayar da ta sa fadawansa hararar ta, ba ta ji ɗar ba. Yanzu ta kasa ɗaga ido daga saƙar tabarma. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

"Ki yafe mini, Inna."

"Wannan tsakanina da ke ne, kuma ba yau ba. Share fuskarki. Kin taho da akwatin ɗaukar?"

Saudat ta ɗago a firgice. "Wallahi ba zan ɗauka ba. Yanzu za mu koma."

"Za ki ɗauka. Kin nuna ni a kwance, yanzu ki nuna ni a zaune."

Rahina ta leƙo tana cewa, "Inna, mi kuma?" Tsohuwar ta ce ta je ta samo mata kayan kirki.

Nan da nan labari ya zaga azuzuwan. Babu wadda ta fito daga garinta da abin a zo a gani, amma aka harhaɗa. Wata ta kawo atamfar da ta gudo da ita a ƙugu, wata ta ba da farin hijabin sallarta, wata ta zo da kwalli a ɗan tandu. Aka ciro kujerar malami daga cikin tarkace aka goge. Inna Bara'atu ta ce ba a cikin ɗaki ba, a fitar da ita tsakiyar fili, daidai inda ta faɗi.

Ta fito a hankali, Rahina na riƙe da gwiwar hannunta. Ta zauna, ta gyara hijabi, ta ɗora hannuwa a cinya. Mata suka jeru a bayanta, wannan karon fuska a buɗe. Gwadabe ya kafa kyamara ya dubi Saudat. Saudat ta dubi tsohuwar.

"Inna, a fara?"

"Fara."

Ba ta jira tambaya ba. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta da na mijinta marigayi. Ta faɗi sunan garinsu, da gonakinsa, da rijiyar da kakan mijinta ya haƙa. Ta ce su ba mabarata ba ne, manoma ne, geron da ake ci a birni daga hannun irinsu yake fitowa. Ta lissafa matan garinsu da aka tafi da su daji ba a dawo da su ba, kowacce da sunanta. Ta ce abincin da aka aiko sun gode, amma abin da suke so shi ne hanyar komawa gida kafin ruwan shuka ya sauka. Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.

Ana cikin naɗe wayoyi sai wayar Saudat ta yi ƙara. Ta koma gindin wata dalbejiya ta ɗauka.

"Kin same ta?" in ji Malam Wakili.

"Na same ta, ranka ya daɗe. Ta yi magana."

"Madalla. Ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba."

"To me ta yi?"

"Ta zauna a kujera ta faɗi sunayen mutane."

Ya ja tsaki. "Sai mu ɗan tsakuro kaɗan, mu haɗa da hoton faɗuwar don a gane ta."

"Ba za a ƙara sa hoton nan da muryata a kai ba. Wannan kuma duka zan sa shi a shirina na Asabar, ba yanka."

"Shirin naki ne ko na tasha? Saudat, akwai masu jiran kujerar nan taki."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ki same ni a ofis," ya ce, ya kashe.

Ta koma ta durƙusa a gaban kujerar don yin sallama. Inna Bara'atu ta kama hannunta, tafinta kaushi kamar ɓawon itace.

"Saura abu guda, ɗiyata. Duk wanda ya ga waccan, ki tabbata ya ga wagga. Har abokan Sirajo."

Saudat ta tuna da mai keke, da gangar da aka ɗora, da dubban wayoyin da hoton ya shiga daga nan har inda ba ta taɓa zuwa ba. Ta san mutum nawa ne ke zama su kalli tsohuwa a kan kujera tana lissafa sunaye.

"Zan nuna shi, Inna."

"Ba haka na ce ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon Saudat, sannan ta saki hannun. Daga masallacin bakin titi aka kira la'asar.

"Rahina," ta ce, "taho ki cire mini hijabin nan ki mayar wa mai shi. Za ta yi salla."