Taki Tara Daga Teku

Enid Gowing ta jingina dunduniyarta da dutsen kabarin mijinta, ta fara ƙirga taki zuwa bakin gaɓa. A na tara ta tsaya cak, domin daga nan babu sauran ƙasa, sai iska, sai ruwa can ƙasa yana dukan gindin gaɓar. Shekarar da aka kafa dutsen, taki tamanin ne da 'yan kai.

Haka teku yake cin garin Marlsey tun kaka da kakanni, ba ya gaggawa kuma ba ya ƙoshi. Ya haɗiye tsohuwar kasuwa, ya haɗiye cocin farko, ga shi yanzu ya iso maƙabartar na biyu. 'Yan yawon buɗe ido kan tsaya a gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa suna kasa kunne, wai ko za su ji ƙararrawar cocin da ke ƙarƙashin ruwa, in sun gaji su sayi kifi da soyayyen dankali su kama gabansu. Enid ba ta taɓa kasa kunne ba. Ita ƙararrawar ce ke biyo ta har cikin kicin.

"Nawa yau?" in ji Cyril Pegg, tsohon masunci, aminin mijinta, daga kan bencin da ya mayar ofishinsa.

"Tara."

"Makon jiya goma kika ce. Ko ƙafarki ce ke ƙara tsawo da tsufa?"

"Kai dai bakinka ne ke ƙara tsawo."

Ta zauna kusa da shi, amma babu wanda ya yi dariya. Gobe da safe masu tono za su zo su kwashe kaburbura goma sha biyu zuwa sabuwar maƙabarta a bayan makaranta. 'Yarta Bryony ce ta sa hannu a takardar tonon kabarin mahaifinta, ta tuƙo mota tun daga birnin Leeds, ta kuma rantse sai an tono shi a kan idonta. Katakon akwatin gawar da ya shekara arba'in da ɗaya a ƙasa kuwa ai ya zama gari. Abin da ke ciki za su ɗiba da hannu su sa a sabon akwati.

Abin da ke ciki duwatsu ne.

Teku bai taɓa mayar da mijinta Len Gowing ba. Jirginsa kawai aka tsinta a kife. Bryony tana da shekara shida a lokacin, kullum sai ta sulale daga gida ta je bakin gaɓa ta tsaya tana jiran babanta, har ranar da ƙasa ta zaftare a ƙarƙashin ƙafarta, Cyril ya cafko ta ta rigar sanyi. Sai suka yi abin da matan masuntan garin suka saba yi a da can ba tare da an furta ba. Enid ta sauka bakin ruwa ta tsinto duwatsu, Cyril ya auna su a sikelin kifi daidai nauyin Len, limamin coci na wancan zamani ya kau da kai ya yi addu'a. Daga ranar yarinya ta daina zuwa bakin gaɓa.

"Zan iya jan masu tonon gefe," in ji Cyril. "Ɗan ƙanwata na cikinsu. A kafa labule, a ce doka ce. A bar kaza cikin gashinta, Enid."

"Ka san ta. Labule ne zai tsare ta?"

"To me za ki ce mata?"

Tsoro ne ya cika Enid, ba na teku ba. 'Ya ɗaya gare ta a duniya, ita ma sau biyu a shekara take ganinta.

Sai ga Bryony ta shigo ta ƙofar maƙabarta da furanni a hannu. "Kawu Cyril, har yanzu ba a fara karɓar hayar bencin nan a wurinka ba?"

"Ni nake riƙe da shi kada iska ta ɗauke."

Ta wuce wurin kabarin ta zagaya, ta tsaya yadda ta saba tun tana ƙarama, fuska ga dutse, baya ga teku. Ko a gida ba ta zama kusa da tagar da ke kallon ruwa. "Baba, gobe za ka huta da wannan mugun maƙwabcin," ta ce a hankali.

Enid ta miƙe. Can a ƙasan ƙarar ruwa ta ji ƙararrawar, sau ɗaya.

"Bryony, ba ya ciki."

"Wa?"

"Babanki. Ba a same shi ba. Duwatsu ne muka binne."

Bryony ta dubi uwarta, ta dubi Cyril. Tsohon ya cire hularsa ya ƙura wa cikinta ido.

"Duwatsu," ta ce. "Mama, ranar aurena da rigar amarya na zo nan. Na kawo ɗana Alfie yana jariri na nuna masa kakansa. Duwatsu nake wa magana?"

"Saura ƙiris ki faɗa teku ranar da ƙasa ta zaftare. Na rasa ɗaya, ban iya rasa biyu ba."

"Shekara arba'in, Mama!"

"Kullum ina cewa gobe."

Iska ta yi ta kaɗa ledar furannin. Enid ta jira ta ga 'yarta ta nufi mota, ta ma riga ta ga bayanta a zuci.

"Wa ya tsinto su?" Muryar Bryony ta dushe.

"Ni. Ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu. Masu santsi kawai na ɗauka, kada su..." Ta kasa ƙarasawa.

Bryony ta daɗe tana kallon sunan da ke jikin dutsen. Ba ta kama hannun uwarta ba, ba ta kuma tafi ba.

"Kawu Cyril, ka gaya wa limami kaburbura sha ɗaya za su kwashe."

Daga nan ta juya, a hankali kamar mai ɗauke da tulu a ka, ta fuskanci teku. Ta fara takawa da furannin a ƙirji. Enid tana ƙirgawa ba da son ranta ba. A na takwas Bryony ta tsaya.

"Baba," ta ce, "ashe baya nake ba ka."