Faifan da Ke Cikin Gwangwanin Maɓallai

"Miƙo min na wurinki, Tela, ga wannan," in ji Mai Hoto, yana dafe da ƙofar shagon, numfashi na fita da ƙyar.

Tela ta tsayar da keke. Ta buɗe gwangwanin maɓallai ta ciro faifan ajiya, ɗan baƙin abu kamar sabulu da wayarsa a naɗe, ta karɓi ɗan'uwansa.

"Baba, da ka aiko. Jikin nan naka..."

"In aiko wa? Kyanwata?" Dariyarsa ta koma tari.

Sun daɗe suna wannan musaya. Faifai biyu ne, ɗaya a gidansa jikin kwamfuta, ɗaya a shagonta tsallaken titi, wai gobara ba ta tsallaka kwalta. Duk hotunan da ya ɗauka a rayuwarsa suna ciki, har da na marigayiya matarsa.

"Manhajar da ke kwafe su 'yar amshin shata ce," ya sha gaya mata. "Ka ƙara a kwamfuta, ta ƙara a faifai. Ka goge, ta goge." Ita dai ta saurara, tana ɗinki.

Bai sake tsallako titin ba. Da hantsi aka same shi a kujerarsa rai ya yi halinsa, tabarau a cinya, kyanwar na kwance a ƙafarsa.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, 'yarsa Auta ta shigo shagon, ido jajir.

"Inna, da hannuna na goge hotunan Baba. Kwamfutar ta cika, na ce ai suna cikin faifai. Na jona shi don in tabbatar, ina kallo suka riƙa ɓacewa. Ko fuskar mamata ba ta rage ba."

Tela ta jawo gwangwanin, maɓallai suka yi ƙara, ta ɗora faifan a tafin Auta.

"Ashe biyu ne?"

"Biyu ne. Amma kar ki bari 'yar amshin shatar nan ta gan shi."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta je ta ɗauko kwamfutarta ta wurin aiki, wadda ba ta da manhajar, haɗe da faifan gidan, ta ɗora a teburin yanka tsakanin ƙyallaye. Sai da ta kwafe komai a faifan da ya zama wayam, sannan ta maido wa Tela nata.

"Ki ci gaba da riƙe min, Inna."

Suka buɗe hoto ɗaya. Mamar Auta ce tana shanya, tana dariya, ta ɗaga hannu wai kar a ɗauke ta. A jikin farin zanen gadon da ke kan igiya, inuwar wani siririn mutum ce, ya ɗan duƙa, kyamara a fuskarsa.

Auta ta kai yatsa ta taɓa inuwar.