Abokin Zama Ga Riɗi

Shekara sittin Hajiya Kaltum ta yi tana kashe ɓera a Gusau, sai ga shi ta zo Greenbelt ta ƙasar Amurka ganin likitan ido ta tarar da ɓeraye biyu a falon ɗanta Misbahu, cikin akwatin gilashi, har abinci ake sayo musu a kanti. Wai ba ɓeraye ba ne, jabil ake ce musu. Ita dai ta ga gashin baki, ta ga wutsiya, ba wanda zai gaya mata. Na jikarta Kausar ne, 'yar shekara tara, kuma har suna gare su: Gyaɗa da Riɗi.

Ranar wata Talata aka wayi gari Gyaɗa ya mutu. Riɗi ya daina tona rami, ya daina ɓare 'ya'yan kabewa, ya takure a lungu kamar tsumma. Kausar ma ta bi sahunsa, a zuba mata abinci ta tsakura ta ture. Nan ne abin ya daina ba Hajiya dariya.

"To a yi masa aure mana," in ji ta. "Wa ke barin gwauro haka?"

Misbahu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, in aka kawo mace, kafin babbar salla sai mun bar musu gidan."

Ranar Asabar ya ɗauki Kausar suka je Manassas wurin wata Baturiya mai kiwonsu, Becky, suka dawo da ɗan ƙaramin namiji, Kausar ta sa masa Dabino. Amma da sharaɗi. Becky ta ce in aka haɗa su kai tsaye, Riɗi zai ji baƙon wari ya kashe shi. Sai an raba akwatin biyu da ragar waya, a riƙa sauya musu ɓangare sau uku a yini, kowa ya kwana a shimfiɗar ɗan'uwansa har warinsu ya zama ɗaya. Misbahu yana wurin aiki a asibiti, matarsa tana ofis, Kausar tana makaranta. Duk suka juyo suna kallon Hajiya.

"Ni? Da girmana? Kai, Misbahu, ka kiyaye ni!"

Kausar ta kama gefen mayafinta. "Kaka, don Allah. Zai mutu."

Shi ke nan fa, tsohuwa ta shiga aikin ɓera. Ba ruwanta da agogo, da salla ta ɗaura abin: in ta idar da walaha ta sauya su, haka bayan azahar, haka bayan la'asar. Da wani tsohon kofin roba take kwaso su, tana kawar da kai tana tsaki. Kwanakin farko ba kyan gani. Riɗi ya riƙa cizon raga yana buga ƙafafun baya, Dabino yana maƙale can gefe yana rawar jiki.

"Kai ne babba, ka ji kunya," take ce wa Riɗi. "Yaro ya baro uwarsa ya zo, ko sannu ba ka yi masa ba."

Tana faɗa, amma tausayinsa take ji ƙwarai. Duk kwaso shi da za ta yi sai ta ji kofin ya ƙara rashin nauyi.

A rana ta goma, tana sallame azahar ta leƙa, ta gan su suna barci, wannan nan, wancan can, sun manna jiki da raga har gashinsu ya haɗu. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, tana son ta zare ragar. Ta haƙura, ta ja kujera bakin taga tana jiran motar makaranta.

Kausar ce ta zare da hannunta. Hajiya ta tsaya a kansu da kofi, ko da faɗa zai kaure. Riɗi ya taho ya shinshina Dabino tun daga hanci har wutsiya. Ya bi shi da gudu, suka zaga sau biyu. Sai Dabino ya tsaya cak, ya cusa kansa ƙarƙashin haɓar Riɗi. Riɗi ya yi jim, sannan ya shiga lasar masa kunne. Can ya ɗauki ɗan kabewa da hannu biyu ya ɓare.

Hajiya ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba, sai da karen maƙwabta ya amsa.

Suka zauna a ƙasa suna kallo, Kausar ta jingina da kafaɗarta. Dabino ya haye bayan Riɗi ya yi barcinsa.

"Kaka," in ji Kausar a hankali, "ke in kin koma Gusau, da wa kike zama?"

Hajiya ta buɗe baki za ta lissafo mata mutane, gida cike, maƙwabta ga su nan. Sai ɗakinta ya faɗo mata a rai, gado ɗaya, buta ɗaya, da rediyon da take kunnawa don ta ji muryar mutum.

"Ni kaɗai ce, ƙawata," ta ce.

Kausar ta zura hannu ta riƙe nata gam.