Minti Huɗun Baba

Jarumai bakwai a fim ɗaya, kowanne da baiwarsa, kowanne da girman kansa. Wani na tashi sama, wata na fesa wuta, wani ƙato na ɗaga mota kamar kwanon sha. Ita kuwa mai tace fim ɗin, wata uku ke nan tana zaune a ɗan ɗaki marar taga, fanka na juya mata zafi, tana harhaɗa su.

Tsakani da Allah, faɗan da suka yi a kan gada ya yi kyau. In bakwai ɗin nan suka jeru kafaɗa da kafaɗa, ko ita da ta kalla sau ɗari sai tsikar jikinta ta tashi. Amma daga nan fa shi ke nan. Kowa ya shigo, ya daka tsawa, ya rushe gini, ya fita. Ko ɗaya ya mutu ba mai jin zafi, don ba a bari ka san shi ba.

Wuri ɗaya ne mai rai: minti huɗu, inda tsohon cikinsu, wanda ƙarfinsa ya fara gudu, yake gaya wa mai wutar cewa tsoro yake ji. Tsohon nan babanta ne. Sati biyu da gama ɗauka ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wannan ce muryarsa ta ƙarshe da na'ura ta kama.

Sai ga darakta da agogo a hannu. Wai ya auna, tsoho ya ɗara sauran da minti huɗu, su shidan kuma sun ce ba su yarda ba. A cire.

Ranta ya yi mummunan ɓaci.

"Yallaɓai, fim kake yi ko rabon gado?"

Ta ce a rage fashe-fashen banzan nan mana, gini nawa za a rusa kafin ƙato ya ƙoshi? Darakta ya sosa ƙeya, ya ce gaskiyarta, wurin ya fi ko'ina kyau, amma ba zai iya da rigimar mutum shida ba. In ba za ta cire ba, akwai mai cirewa gobe. Matsoracin banza. Don kada baƙo ya sa hannu a muryar babanta, ta yanke da kanta, tana haɗiyar takaici. A gida ta kasa faɗa wa kowa.

Ranar nunawa Mama ta turo Baba a keken guragu, an sa masa sabuwar hula. Aka zo wurin da ta yanke. Tsohon cikin fim ya buɗe baki zai yi magana, sai gini ya fashe, aka wuce. Mama ta juyo ta zuba mata ido. Baba bai juyo ba.

Da aka gama, sunaye suka fara hawa. Nata na fitowa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana buga cinyarsa, yana yi mata tafi. Ta so a ce marinta ya yi.