Inci Ɗaya a Babur ɗin Tsoho

Lindsay Pascoe yana durƙushe a gareji, yana goge busasshen jini daga tankin babur, sai wansa Graeme ya banko ƙofa da ƙafa. Da ƙafa mana, tunda hannun hagu yana rataye a wuya, ƙashin kafaɗa ya karye, rabin fuska kuma tsakuwa ta kankare shi tas.

"Har sun sallame ka daga asibiti?" in ji Lindsay.

Amsar da ya samu sifana ce. Ta wuce ta gefen kunnensa da ƙugi, ta tarwatsa gilashin taga. Kafin ya miƙe, Graeme ya iso ya zuba masa takalmi a haƙarƙari. Lindsay ya kife a kan tiren baƙin mai, numfashi ya ɗauke masa.

"Tashi, ɗan iska! Kashe ni ka so yi!"

Babur ɗin na ubansu ne, ƙirar Ingila ta 1958, kuma tsohon ya rasu watan jiya. Al'adar masu tsofaffin babura a garin Cobar ita ce, in nasu ya mutu, su yi jerin gwano zuwa garin Louth, babur ɗin mamaci a gaba, babban ɗa a kai. Gobe Lahadi za a yi. Graeme ne babba, mutumin da bai taɓa ɗaure noti ɗaya a jikin wannan babur ba. Lindsay kuwa shekara ashirin ya yi yana miƙa wa tsoho sifana. Abin ya ci masa rai, kuma ban ga laifinsa ba a nan.

Shokazoba biyu na baya sun gaji, Lindsay ya auna, ya sa aka aiko sababbi daga Adelaide, ya ɗaura. Jiya Graeme ya fita gwaji. Yana taka ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a hanya don hana shanu ƙetarewa, sai ɓangaren baya na babur ya nutse, taya ta cafki madigadin da ke samanta ta tsaya cak, aka yi jifa da ƙaton mutum kamar buhun dankali.

Lindsay ya rarumo ƙafar wan nasa ya fizga. Graeme ya faɗi a kan karyayyar kafaɗar, ya kwarma ihun da ya sa karen maƙwabta haushi. Duk da haka da hannu ɗaya ya shaƙo wuyan ƙanin, ya sa goshi ya fasa masa hanci. Suka yi ta birgima cikin mai da jini, maza biyu masu furfura, kowa na zagin uwar da ta haifi ɗan'uwansa, alhali uwar ɗaya ce. Gwangwanin notuna ya kife. Lindsay ya ji haƙori ɗaya yana yawo a bakinsa, ya tofar.

Gajiya ce ta raba su, ba hankali ba.

"Ɗauko tef na awo," in ji Graeme yana haki, ya jingina da benci. "Tsohon shokazoban nan da ka rataye a bango, auna min shi. Daga ido zuwa ido."

Lindsay ya auna daga ramin noti na sama zuwa na ƙasa, jini na ɗiga a kan tef ɗin.

"Inci goma sha uku da rabi."

"Sabon fa?"

Lindsay ya kwance ɗaya ya auna. "Sha biyu da rabi."

"Ina inci ɗaya ya tafi, babban injiniya?"

"Ƙarƙashin gindinka ya tafi!" Lindsay ya daka masa tsawa. "Ranar da na auna, wa ya ɗare babur ɗin da gwangwanin giya yana ba ni labarin kamun kifi? Kilo ɗari da goma a kan mataccen sifirin! Dole ya lotsa. Kuskure ne, Graeme, kuma da kai aka yi shi."

Gaskiya ne. Ko wanda ya fara jiya ya san ba a auna shokazoba da nauyi a kai. Ɗaga taya ake yi ta bar ƙasa, ya miƙe iya tsawonsa. Lindsay ya fara jin sanyi a ransa. Abin da yake so ke nan a duniya yanzu, wansa ya yarda kuskure ne.

"To, na ji," in ji Graeme a hankali. "Amma me Tsoho yake cewa a yi kafin a ɗaura kowane sabon ƙarfe?"

Lindsay ya kalli ƙasa.

"A jera sabo da tsoho a kan benci, a duba. Ni da ban iya komai ba ma na haddace wannan. Kai ko fulogi ba ka taɓa sawa ba sai ka jera. Ka jera su?"

Ai kuwa Lindsay ya jera su. Ranar Alhamis, a kan wannan benci, ya ga sabon ya gaza da tsawon gaɓar yatsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wa kansa inci ɗaya ba komai ba ne, iyaka taya ta ɗan gurji madigadi, Graeme ya tsorata ya ce a hau masa. Daga nan ya ɗauki sifana ya ɗaure. Yanzu kunya ta rufe shi, ta fi hancin zafi.

Graeme ya gyaɗa kai. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki tsohon shokazoban, ya ciro ɗayan daga bango, ya danna su duka biyu a hammata. Sannan ya laluba aljihu, ya jefa makullin babur cikin tiren mai.

"Ka samu abin da kake so. Kai za ka ja gaba gobe. Mayar da sabon da ka kwance."

"Graeme, akwai ƙarafan shanu har shida kafin Louth."

"Bakwai," in ji Graeme daga bakin ƙofa. "Zan biyo ka a mota ina ƙirgawa."