Kowa da Bishiyarsa

Mahfuz ya sa gidan mahaifinsu na unguwar Ɗan Iya a kasuwa, ba da son mahaifiyarsa Hajiya Ni'ima ba. Ginin zamanin Turawa ne, ɗakuna manya, haske ta ko'ina, ga lambu a baya.

Da ya kawo mai saye, Alhaji Sabitu na Kasuwar Muda Lawal, Hajiya ta ce ita za ta nuna masa lambun.

"Ka ga mangwaron nan, Alhaji? Nan aka binne cibiyar Mahfuz. Gwaibar can ta Khairat ce. Goma sha ɗaya na haifa, kowa da bishiyarsa. Duk Sallah nan suke wuni da iyalansu."

"Ai bayan ciniki shi ke nan," in ji Alhaji.

"Haka na faɗa musu. Suka ce ko waye a gidan, shi zai ciyar. Bara buhun shinkafa biyu suka tashi da shi."

Nan take Alhaji ya tuna ana jiransa a shago. Hajiya ta raka shi har ƙofa, ta dawo ta dubi ɗanta.

"Kawo na gaba. Wannan ko kan jikoki ban zo ba ya gudu."